Gonar Rago

Azumin bana a tsakiyar bazara ya same mu. Tun hantsi rana take tsayawa a tsakiyar ka, iska kuma in ta kaɗo sai ka ce daga bakin murhu ta taso. Ran sha biyu ga wata aka yi shela a hallara ƙofar gidan dagaci bayan azahar, an turo ma'aikaciya daga ƙaramar hukuma za ta yi mana magana a kan sauyin yanayi. Yarinya ce, ba za ta girmi autata ba, leɓenta a bushe kamar na kowa. Maganarta ba ta da tsawo. So ake mu daina sayar wa masu gawayi itatuwan da ke gonakinmu, wanda ya yarda ya ɗaga hannu a rubuta sunansa.

Alhaji Mati, wanda bai daɗe da dawowa garin nan da zama ba, shi ya fara magana. Ya ce, "'Yata, takin da aka rubuta sunayenmu bara, ina ya iso?"

Aka yi dariya, irin ta masu azumi, marar ƙarfi. Ta ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Ba a ofishinmu yake ba, kuma ba zan ce muku zai zo ba."

"To ku me kuka kawo mana?"

"Ba a ba ni komai in kawo ba."

Sai na ɗaga hannu. Da aka ga nawa a sama, tsofaffin unguwarmu suka bi ɗaya bayan ɗaya. A hanyar gida Alhaji Mati ya cim mini, ya ce, "Malam Idi, yarinya ta ce maka hannunta wayam, kai kuma ka ba ta suna?" Na ce masa ai shi ya sa. Ya dube ni kamar rana ta taɓa mini kai. Ƙishirwa ba ta bar ni na yi masa dogon bayani ba, amma tun daga ranar nake ta tuna wani azumi na sama da shekara talatin da suka wuce, wanda shi ma a irin wannan bazara ya faɗo.

Sai na ɗan koma baya kafin in zo kansa.

Mu a ƙauyenmu na ƙasar Lausu, lokacin da na tashi, itace a gona abin tsoro ne. In dai ya tsaya da ƙafarsa, ko a gonar ubanka yake, ba ka taɓa shi sai da izinin malamin daji. Mahaifina, Malam Haruna, ya taɓa sare reshen marke a gonarsa don ya gyara ƙafar rumbu. Malamin daji ya ritsa shi, ya ƙwace gatarin, ya tsugunar da shi a ƙofar dagaci tun safe har rana ta karkata, surukansa suna wucewa suna kawar da kai. Tarar da aka ci shi ban taɓa jin ya ambata ba. Tsugunon ne bai manta ba.

Don haka kowa ya koyi dabara. In lokacin sassabe ya zo, duk tohon da ya fito daga kututture a sare shi tun yana ɗanye, a tara a cinna wuta. Baba yakan ce, "Toho naka ne. Ran da ya fi ka tsawo, na gwamnati ne." Gona mai kyau a wurinmu ita ce wadda aka share tas kamar tsakar gida.

Da shekarun fari suka zo suka wuce, noman gidanmu ya dawo hannuna, don yayyena sun bi cin rani sun zauna can, Baba kuma gwiwa ta hana shi nisa. Gona biyu gare mu, ta gida da ta bayan dutse. Ta bayan dutsen ta gaji. In gero ya tsiro, iska ta kwaso yashi mai zafi ta ƙone shi. In ruwa ya sauka da ƙarfi, ya wanke ƙasar sama ya zuba a kwazazzabo, ya bar mini tsakuwa.

A nan sabon malamin daji ya same ni wata safiya ina sassabe. Sunansa Malam Sale, siririn mutum mai tsohon keke. Da na hango kakinsa na saki addar a ƙasa, na sa ƙafa na take.

Ya ce, "Sannu da aiki, maigona. Ɗauki addarka, ba kamu na zo ba."

Ya tsuguna gaban wani kututturen gawo mai toho wajen goma. Ya duba, ya zaɓi biyu da suka fi miƙewa, ya karɓi addar ya sare sauran. Ya ce, "Waɗannan biyun ka bar su. Saiwarsu tana ƙasa tun zamanin kakanka, ba sa neman ban ruwa, ba sa neman taki. Ka yi haka a duk gonar, shekara huɗu ko biyar iska ta daina cin geronka."

Na ce, "In sun girma, na wa?"

"Naka."

"A rubuce?"

Ya goge addar da ganye. Can ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba. An ce mana mu sa mutane su bar itace a gona, amma ba a ba mu takardar da ta ce nasu ne ba. Doka tana nan yadda ka san ta. Abin da nake da shi, muddin ina ƙasar nan ba wanda zai taɓa ka. In na ce maka ina da abin da ya fi wannan, na yi maka ƙarya."

Ban taɓa jin ma'aikaci ya faɗi iyakar ƙarfinsa ba. Duk wanda ya zo kafinsa, sai ya cika mana kunne da an gama, an sa hannu, yana hanya. Wannan ya nuna mini gindin buhunsa. Na yini ina juya maganar.

Da na gaya wa Baba bayan la'asar, bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "Gwamnati ba ta da baki, Idi, takarda gare ta. Wanda ya ba ka baki, nasa ya ba ka. Gonar gida kada in ga toho ko ɗaya. Ta bayan dutse kuwa ta riga ta mutu, yi abin da ka ga dama da gawarta."

Na kuwa yi. Na bar gawo, na bar marke da madobiya, na bar kalgo a bakin kwazazzabo. Da damina ta faɗi, gonata ta zama abin nuni. Aka sa mata suna gonar rago. In zan wuce majalisa sai wani ya ce, "Malam Idi, in adda ce ta ɓata, a ara maka." Mai ɗakina Tabawa takan dawo daga rijiya ta dire tulu da ƙarfi, in tambaye ta, ta ce an ce mijinta gwamnati yake yi wa kiwon itace kyauta. Huɗa ma ta yi wuya, don sai na riƙa kewaye kowane toho da garma, shanu suna gardama, layi yana karkacewa kamar tafiyar maciji.

Malam Sale yakan zo duk bayan 'yan makonni, ya jingine keke, ya zaga, ya nuna mini reshen da zan rage. Ruwa kaɗai yake sha a gidanmu. Na taɓa kama masa zakara, ya ce in bar shi ya yi mana cara. Akwai rani guda da shanun maƙwabcinmu Jauro Bello, Bafulatanin da gidansu ya daɗe a gindin dutsen yana noma yana kiwo, suka shiga suka cinye mini toho da yawa. Na hasala, Jauro ma ya hasala, don a iya saninsa gona bayan girbi ta dabba ce. Malam Sale bai ci kowa tara ba. Ya tuɓe rigar kaki, mu uku muka yini muna saran ƙaya muna kewaye tohon. Tun daga ranar Jauro ya riƙa kora shanunsa ta gefe.

Shekara biyar ana haka. Itatuwan suka fi ni tsawo, wasu har jaki yana fakewa a inuwarsu. Geron ya fara kyau, amma ba wanda ya bi ni. Jira ake a ga ƙarshen abin.

Sai wancan azumi ya zo.

Daminar da ta gabace shi ta ɗauke da wuri, dawa ta fara fidda kai ke nan. Wake bai yi harawa ba, gyaɗa ma haka. Rumbunmu bai wuce rabi ba. Kafin a ga watan azumi an riga an fara auna hatsi da ƙaramin kwano.

Tabawa takan ɗumama tuwon jiya mu yi sahur da shi, mu kora da ruwan randa da ya kwana bai huce ba. Ana idar da sallar asuba maza mu nufi rijiya, don ruwa ya ja baya sai an shiga an yasa. A ɗaura wa mutum igiya a ƙugu a zura shi, ya riƙa cika guga da laka ana ja. A duk garin, can ƙasa ne kaɗai ake samun sanyi, sai dai kana tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu, bakinka kuma kamar an zuba toka. Na shiga sau da dama, na san wannan jarrabawa. Mata su jera tuluna su zauna jiran ruwan ya taru ya kwanta. Daga hantsi zuwa la'asar ba mai motsi. Kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, dutsen bayan gari ya riƙa huci, ko ƙadangare ba ya hawansa. Da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, a yi ta gudu ana kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Gari ya waye sama fes. Buɗa-baki kunun tsamiya ne, kullum yana ƙara tsinkewa, har Baba ya ce ya fara ganin fuskarsa a ludayi. Ƙosai sai ran Juma'a.

Mu mutane mun san dalilin yunwarmu, mun kuma san magariba za ta yi. Dabba ba ta da magariba. Ina da bijimai biyu na huɗa, Ja da Fari. Harawa ta ƙare, karmami ya ƙare, na koma daddatsa musu kara ina jiƙawa da ruwan kanwa. Suka cinye zanan garke, suka fara jan jinkar rumbu. Ran goma ga wata Ja ya kwanta ya kasa tashi, sai da muka zura masa sanduna a ƙarƙashin ciki, mu huɗu muka ɗaga shi. Wanda ba shi da shanu ran da ruwa ya sauka, sai ya jira masu su su gama nasu, damina irin ta lokacin kuwa ba ta jiran kowa.

Malam Sale kuma wata biyu ba a gan shi ba. Ana ta cewa an canza masa wurin aiki.

Tabawa ce ta tare ni a bakin garke. Ta ce, "Malam, itatuwan nan da aka shekara biyar ana yi mini gori a kansu, don kallo ka bar su?"

Na ce, "Mai alkawarin ba ya nan. Cewa ya yi muddin yana nan."

Ta ce, "To sai ka zaɓa. Ko a tsugunar da kai, ko a feɗe Ja."

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki gatari na kora jaki. Gawo, shi da yake fitar da ganye da rani lokacin da kowane itace ya kaɗe, yana tsaye kore shar. Madobiya ta fara sabon ganye, mai taushi kamar kunnen ɗan akuya. Na sare rassan gefe kawai, yadda aka koya mini, na bar kan. Da na zube ganyen a garke, Ja ya miƙa wuya daga kwance yana ci yana nishi. Kwana uku ina yi, ba wanda ya ce mini kanzil.

A rana ta huɗu, na ɗaure kaya ke nan zan fito hanya, sai ga a-kori-kura ta gwamnati. Wani babban jami'i ne daga Kano, mai farin gilashi, da direbansa da ma'aikata biyu. Daga baya na gane ba mugu ba ne. Yunwa ta sa mutane a wasu garuruwa suna kayar da manyan itatuwa suna jerawa a bakin titi, shi aka turo ya tsayar. Ya ga mutum da gatari da ɗanyen reshe, bai nemi ƙarin bayani ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonata ce. Malam Sale ne ya ba ni izini."

Ya ce, "Ina takardar?"

Na ce babu. Aka karɓe gatarin, aka jefa ni bayan mota, aka sauke ni ƙofar gidan dagaci. Jami'in ya ce in zauna nan, zai zaga ƙauyukan gaba ya dawo da la'asar ya tafi da ni Rano. Wurin da aka nuna mini, shi ne inda aka tsugunar da Baba.

Kafin hantsi ya ɗaga gari ya cika wurin. Ba wanda ya yi mini dariya, gara ma a ce sun yi. Ina jin ana ƙus-ƙus, "Ai mun faɗa." "Kiwon gwamnati ke nan." Inuwar katanga ta riƙa janyewa har ta bar ni a rana. Dagaci ya ce in matso cikin zaure, na ƙi, ban san dalili ba har yau. Harshena ya manne da ganɗa. Tabawa ta gaya mini daga baya cewa da aka kai wa Baba labari aka ce ya zo ya ba da baki, cewa ya yi, "Na taɓa ganin wannan," ya juya fuskarsa bango.

Abin da ban sani ba, Jauro Bello ya ji daga matarsa mai kai nono Rano cewa ba canza Malam Sale aka yi ba, yana gida kwance shawara ta kama shi. Jauro ya ari keke, da azumi a bakinsa, ya bi wannan rana ya tafi.

Motar ta dawo ana kiran la'asar. Direba ya riga ya sauke marfin baya sai aka ji ƙarar keke. Jauro ne yake tuƙi, rigarsa sharkaf, Malam Sale a bayansa ya rungume shi don kada ya faɗi. Ya rame ya zama kamar kara, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Sai da aka riƙe shi ya sauka. Amma ya sa kakinsa, har da hula.

Ya ƙame gaban jami'in, ya ce, "Yallaɓai, ni na ce ya bar itatuwan, ni na ce nasa ne."

"Wa ya ba ka wannan iko?"

"Ba kowa. In akwai laifi, nawa ne, ga ni. Amma kafin a tafi da kowa, ina roƙon a je a ga gonar."

Jami'in ya duba agogo. Dagaci ya ce, "Yallaɓai, ba nisa, bayan dutsen nan ne." Jami'in ya ce a je.

Hanyar ta kan dutse take bi. Muka hau, gari duka a bayanmu, Malam Sale yana dafe da kafaɗar Jauro. Da muka kai sama ya tsaya yana haki. Daga nan ana ganin gonakin garinmu gaba ɗaya, fili fetal, jajawur, zafi yana rawa a kansu, sai manyan ɗorawa jefi-jefi da aka gada. A tsakiyarsu ga wani yanki kore, kamar an ajiye tabarma.

Malam Sale ya nuna da hannu, ya ce, "Yallaɓai, duk gonakin nan da kake gani, babu ko ɗaya cikin masu su da ya taɓa karya doka. Ga gonar mai laifi can."

Jami'in ya gangara shi kaɗai, muka bi shi a hankali. Ya shiga tsakanin itatuwan yana shafa inda na sare, yana ɗaga kai yana duba sama. Ya sa ƙafa ya tona gindin wani gawo, ƙasar ta fito baƙa, da ruɓaɓɓen ganye. Ya cire hula ya tsaya a inuwa, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai ka shuka su?"

Na ce, "Ba shukawa na yi ba, ranka ya daɗe. Bari na yi."

Ya aika direba ya ɗauko gatarin, ya miƙo mini ta ƙota, da hannu biyu. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Wanda ya bar itace a gonarsa ya raine shi, ya rage reshe in yana bukata. Kada dai ya kayar. Ku shaida ni na faɗa."

Wani daga baya ya ce, "A rubuce?"

Aka fashe da dariya, har shi. Ya ce, "Zan rubuta in aika sama. Ban ce za a amsa ba." Ya dubi Malam Sale. "Kai kuma in ka warke ka same ni a ofis."

A zaurenmu Malam Sale da Jauro suka yi magariba. Tabawa ta dama kunu mai kauri, irin wanda muka manta kamanninsa. Ana cikin sha sai muka ji ƙarar sanda. Baba ne, wanda rabonsa da gaida mai kaki tun ina ƙarami. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi baƙon daga sama har ƙasa. Ya ce, "Sannu da jiki." Ya juya ya koma ciki. Iyakarta ke nan.

Da gari ya waye na tarar da Jauro a ƙofar gida da igiya a kafaɗa. Bayansa mutum biyu, bayansu wasu. Har mai cewa a ara mini adda yana cikinsu. Shanun kowa suna kwance kamar nawa. Na ce to, mu je, amma da sharaɗi: ba mai taɓa kan itace, ba mai ƙwaƙule guda ɗaya tas, kuma duk abin da aka sara a tara wuri ɗaya a raba, mai dabbar da ta kwanta shi ne farko.

Haka muka mayar da abin gayya. Daga sallar asuba zuwa hantsi, rabi su tafi yasar rijiya, rabi su biyo ni. Masu ƙarfi su hau, dattawa su ɗaure, jakuna su yi ta safara. Matan gidan Jauro da tsofaffin unguwarmu su bi gindin gawo suna tsintar 'ya'yansa, su kwashi busassun ƙirare na girki. Ganyen bai ishi kowa ya ƙoshi ba, gona ɗaya ce. Amma ya riƙe rai. Kwana shida da farawa na shiga garke na tarar Ja a tsaye da kansa, yana sosa wuya a jikin turke. Na kira Tabawa ta zo ta gani. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To, rago," ta koma bakin murhu tana dariya.

Ruwa bai zo ba sai kwana biyu bayan salla, da azahar tsaka. Iska ta fara, muka ce irin ta kullum ce. Sai ɗigo ya faɗo a kan kwanon masallaci, ɗaya, biyu, manya-manya, sannan sama ta ɓalle. Ƙamshin ƙasa ya tashi har yana shaƙe mutum. Ba wanda ya nemi mafaka. Na tsaya a tsakar gida ruwa yana bin wuyana, ina jin Fari yana kuka a garke. A cikin makon nan Ja da Fari suka huɗe gonata, suka huɗe gonakin mutum uku da nasu shanun ba su kai ba.

Malam Sale ya warke, ya je ofis, bayan kaka aka mayar da shi wata ƙasa can arewa. Ko horo ne ko ƙarin girma, bai faɗa ba, mu ma ba mu sani ba. Takardar kuwa har yau ban gan ta ba. Sai dai malaman dajin da suka biyo baya sun tarar abin ya riga ya zauna, da shaidu gari guda, ba wanda ya nemi tayar da shi.

Yanzu abubuwa da yawa sun sauya. Akwai famfo, ba mai shiga rijiya da igiya a ƙugu. Ana jin labarin ruwa a waya tun kafin hadari ya haɗu. Zafin dai ya fi na da, damina kuma ta koyi zuwa a makare ta zuba na wata guda a kwana biyu. Ma'aikata sun zo iri-iri, wasu sun cika, da yawa ba mu sake ganinsu ba. Amma in ka hau dutsen nan yau ka duba, ba za ka iya nuna gonata ba. Ta ɓace a cikin sauran. Duk wanda ya zo daga nesa yakan tambaya wane shiri ne ya dasa mana itatuwa haka, mu ce masa ba dasawa aka yi ba.

Gonar gida ce ta zo ƙarshe, kuma ba ni na fara ta ba. Da sassabe ya zagayo bayan wancan azumi, mutane suka riƙa zuwa in nuna musu yadda ake zaɓen toho, na yi kwanaki ina bin gonakin wasu. Tamu ta gida na bar ta, don Baba bai janye maganarsa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ran da na samu sarari na wasa adda na tafi in share ta tas yadda aka saba.

Ina shiga na ga fararen ƙyallaye suna kaɗawa ko'ina. A kowane kututture an zaɓi toho biyu, mafiya miƙewa, an ɗaura musu tsumma. Na duba ƙasa, ga sawun mutum mai jan ƙafa, ga ramin sanda a gefensa, daga wannan kututture zuwa wancan har ƙarshen gona. Tsumman na gane shi, tsohon rawanin Baba ne aka yayyaga.

Na same shi a zaure ya miƙe ƙafa, gwiwoyin sun kumbura suntum. Na tsuguna na gaishe shi. Na ce, "Baba, na je gona."

Ya ce, "Na sani."

"Na ga ƙyallaye."

Ya matsa gwiwarsa. Sannan ya ce, "Ni ban ce gwamnati ta gyaru ba, Idi. Mutum ɗaya na gani, ya taso daga kwance don maganar da ya faɗa." Ya nuna ƙofa da sanda. "Tashi rana tana yi. Kada ka taɓa masu ƙyallen."